TARIHIN GARRINCHA, ƊAN ƘWALLON DA LAƘABI YA SHAFE SUNANSA NA YANKA

Duk wanda ya zauna a gidan kallo lokacin gasar cin kofin duniya ta shekarar 2014, to ya ga filin wasa na birnin Brasilia, ko da kuwa bai riƙe sunansa ba. A nan ne Birazil ta lallasa Kamaru da ci 4 da 1, a nan Fotugal ta doke Gana 2 da 1, kuma a nan ne Faransa ta yi waje da Nijeriya da ci 2 da nema. Sunan filin dai Mane Garrincha, kuma babu ko ɗaya cikin kalmomin nan biyu da iyayen mai sunan suka raɗa masa. Sunansa na yanka Manuel Francisco dos Santos, amma kamar yadda za ka shiga kasuwa ka yi ta cigiyar Alhaji Muhammadu a rasa mai nuna maka, sai ka ce Dogo Mai Goro yara su kai ka har rumfa, haka lamarin wannan bawan Allah ya kasance a duniya baki ɗaya.

An haife shi ne a watan Oktoba na shekarar 1933 a wani ƙauye mai suna Pau Grande, cikin jihar Rio de Janeiro. Ya zo duniya da karkatattun ƙafafu, ta hagu ta lanƙwashe waje, ta dama ta lanƙwashe ciki, sannan ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kimanin santimita 6. Yayarsa Rosa ce ta dube shi yana yaro, ta ga ƙanƙantarsa, ta ce da shi Garrincha, wato wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai ruwan ƙasa da ake samu a dazukansu. Shi kuma Mane gutsuren Manuel ne, sai dai a bakin mutanen Birazil kalmar tana kuma nufin wawa, ko sakarai wanda ake yi wa wayo cikin sauƙi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin Hausawa sun ce suna linzami ne.

Yana ɗan shekara 14 ya kama aiki a masaƙar garinsu, kuma kowa ya shaida ba ma'aikacin kirki ba ne, ƙwallon da yake buga wa ƙungiyar masaƙar ce ta riƙe masa aikin. Sai a shekarar 1953, yana dab da cika shekara 20, ya je gwaji a ƙungiyar Botafogo, inda aka haɗa shi da Nilton Santos, ɗan wasan baya na ƙasa. Yaron ƙauye ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ya wuce abinsa. Maimakon Nilton ya ji haushi, shi ne ma ya nemi a ɗauki yaron. A wasansa na farko ya ci ƙwallo uku.

Salon wasansa ɗaya ne tak, kuma duk mai tsaron baya ya san shi. Zai tsaya cak a gefen dama da ƙwallo a gabansa, ya yi kamar zai tafi, ya fasa, ya sake yi, sannan ya fice ta dama kamar an harba kibiya. An san ta nan zai bi, amma karkatar ƙafafun ba ta barin mutum ya gane lokacin. Wani sa'in idan ya yanke mutum sai ya dawo ya jira shi ya miƙe, ya sake yanke shi, don kawai 'yan kallo su yi dariya. Ya yi irin wannan a wasan share fage da ƙungiyar Fiorentina ta Italiya a 1958, ya yanke 'yan baya da mai tsaron gida, raga na buɗe ya ƙi bugawa har sai da wani ya biyo shi, ya sake yanke shi, sannan ya shiga raga da ƙwallon. Masu horarwa suka ɗauki abin a matsayin wauta, ga kuma gwajin ƙwaƙwalwa da aka yi wa 'yan wasan wanda bai taɓuka komai a ciki ba. Don haka a benci ya kalli wasanni biyu na farko a gasar kofin duniya ta Suwidin.

A wasa na uku, da Tarayyar Sobiyet, aka sako shi tare da wani yaro ɗan shekara 17, wato Pele. Cikin minti uku Garrincha ya daki ƙarfen raga, Pele ma ya daka, Vava ya ci. A wasan ƙarshe da suka ci Suwidin 5 da 2, shi ne ya kawo ƙwallaye biyun farko daga gefen dama. Tun daga nan har suka daina, ba a taɓa cin Birazil ba matuƙar Garrincha da Pele suna cikin fili tare.

Gasar 1962 a ƙasar Chile kuwa tasa ce, domin Pele ya ji rauni tun a wasa na biyu. Ita wannan gasa ta yi ƙaurin suna wajen ƙeta da rashin ɗa'a. A wasan Chile da Italiya na ranar 2 ga watan Yuni an yi naushi, an yi shuri, an fasa wa wani hanci, an kori 'yan Italiya biyu, har sai da 'yan sanda suka shiga fili. A lokacin ba a fara haska wasa kai tsaye daga nahiya zuwa nahiya ba, sai dai a ɗauki fim a saka a jirgin sama, amma duk da haka bayan kwana biyu mutanen Ingila sun ga wannan abin kunya a talabijin ɗin BBC. Alƙalin wasan ranar, Ken Aston, shi ne daga baya ya kawo shawarar katin gargaɗi da jan kati, waɗanda aka fara aiki da su a gasar 1970.

A irin wannan yanayi ne Garrincha ya zura wa Ingila ƙwallo biyu aka tashi 3 da 1. A ranar ne wani kare ya faɗo fili ana tsakiyar wasa, Garrincha ya kai masa cafka, karen ya goce masa, ka ji wanda ya yanke sarkin yanka. Sai Jimmy Greaves na Ingila ne ya durƙusa ya rarrafa ya kama shi, karen kuwa ya sakar masa fitsari a riga. Sannan aka zo wasan kusa da na ƙarshe da masu masaukin baƙi. Ya sake cin biyu, Birazil ta yi nasara 4 da 2, amma tun farkon wasa ake ta dukan ƙafafunsa. Saura 'yan mintoci a tashi haƙuri ya ƙare, ya bi Eladio Rojas ta baya ya kai masa shuri a mazaunai. Alƙalin wasa Arturo Yamasaki, mutumin Peru, ya kore shi, yana kan hanyar fita kuma wani daga cikin 'yan kallo ya jefe shi a ka har ya fasa masa.

A nan ne laƙabin ya yi masa rana. Manyan Birazil suka tashi tsaye, har firayim minista Tancredo Neves ya aika wa FIFA saƙon roƙo, aka riƙa nuna cewa ai wannan mutum ne mai halin yara wanda bai san mugunta ba. Mataimakin alƙali, ɗan ƙasar Yurugai, wanda shi ne ya ga abin da idonsa, bai bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ba. Da wani ne ya yi shurin nan, da wuya ya sha haka. Garrincha ya buga wasan ƙarshe yana fama da zazzaɓi, suka ci Cekoslobakiya 3 da 1, ya ƙare gasar da ƙwallo 4, cikin waɗanda suka fi kowa ci. Mutanen ƙasarsu suka ƙara masa wani laƙabin, wato Farin Cikin Jama'a.

To amma wanda aka ɗauka yaro ne a gaban kwamiti, haka aka ɗauke shi a teburin ciniki. Ya sha sa hannu a takardar kwantiragi ba a rubuta adadin kuɗi ba, sai daga baya shugabanni su cike abin da suka ga dama. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan ke nufi. Gwiwarsa ta lalace, aka riƙa yi masa allura ana tura shi fili, saboda idan babu shi kuɗin da ake biyan ƙungiyar a wasannin waje raguwa yake yi. Har aka yi masa aiki a 1964, bai sake komawa yadda yake ba. Wasansa na ƙarshe a rigar ƙasa shi ne wanda Hangari ta ci su 3 da 1 a gasar 1966, kuma shi kaɗai ne aka taɓa cin Birazil yana ciki, cikin wasanni 50.

Ba za a ɗora wa wasu laifin duka ba. Giyar rake da ta kashe mahaifinsa ita ya runguma tun yana matashi. Ya bar matarsa ta fari da 'ya'ya mata takwas ya koma wa mawaƙiya Elza Soares, abin da ya jawo musu tsangwama ƙwarai. A 1969 yana tuƙi ya yi haɗarin da ya kashe mahaifiyar Elza, kuma a 1977 ita ma ta rabu da shi bayan ya doke ta. Ya yi ta gararamba daga Corinthians zuwa Kolombiya zuwa Flamengo, ko'ina sunan ake saye, ƙafafun sun riga sun tafi. A watan Disamba na 1973 aka shirya masa wasan ban kwana a filin Maracana, mutum sama da 130,000 suka shiga, kuɗin da aka tara masa ma bai daɗe ba.

A ganina, abin da ya fi shurin Santiago muni shi ne abin da talabijin ta nuna a bikin kanibal na 1980. An ɗauko shi bai daɗe da barin asibiti ba, aka saka masa rigar Birazil, aka zaunar da shi a kan motar ado ana zagayawa da shi. Jama'a na kiran Garrincha, shi kuwa yana zaune jugum, magani ya gama kashe masa jiki, da alama bai ma san inda yake ba.

Ya rasu ranar 20 ga watan Janairu, 1983, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 49. An ajiye gawarsa a Maracana, dubban mutane suka yi jerin gwano a bakin hanya har Pau Grande. A shekarar 2017 kuma sai labari ya fito cewa a maƙabartar da aka binne shi kaburbura biyu ne ke ɗauke da sunansa, kuma masu kula da ita ba su iya faɗin inda ƙasusuwansa suke ba, domin an taɓa tone kabarin farko aka saka wani ɗan'uwansa a ciki.