Linus Pauling

Linus Carl Pauling (28 ga Fabrairu, 1901 zuwa 19 ga Agusta, 1994) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Amurka. Shi kaɗai ne ya taɓa samun kyautar Nobel sau biyu ba tare da ya raba da kowa ba: ta kimiyyar sinadarai a 1954, da ta zaman lafiya ta shekarar 1962. Bincikensa kan cutar amosanin jini, wato sikila, ya buɗe hanyar gane yadda ɗan ƙaramin sauyi a ƙwayoyin gado ke bambanta mutum da mutum.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Portland na jihar Oregon. Mahaifinsa, mai sana'ar haɗa magunguna, ya mutu a 1910. Pauling ya gama digirin farko a Kwalejin Aikin Gona ta Oregon a 1922, ya samu digirin digirgir a Caltech da ke Kalifoniya a 1925. Ya auri Ava Helen Miller a 1923, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Bincike kan sikila

A watan Nuwamba na 1949, Pauling da Harvey Itano da S. J. Singer da Ibert Wells suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun sa himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, cikin ruwan da wutar lantarki ke ratsawa. Sai suka ga tafiyar himoglobin na mai sikila ta bambanta da ta mai lafiya, kuma jinin mai ɗauke da cutar a ɓoye yana da nau'ikan biyu. Wannan ne karo na farko da aka danganta wata cuta da lahanin furotin guda.

Daga 1956 zuwa 1957, Vernon Ingram a Cambridge ya gano cewa bambancin bai wuce tubalin furotin ɗaya ba. Daga baya aka bi sawun abin har cikin DNA. Saƙon gado na ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3, na iri huɗu: A, C, G da T. Mutum biyu kan bambanta a kusan harafi ɗaya cikin kowane 1,000, kuma irin wannan sauyin harafi guda shi ake kira SNP. Yawancinsu ba su da illa. Na sikila yana kan kromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba shi ne SS. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya yi ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini.

Alaƙa da ƙasar Hausa

A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa sauyin ya yawaita inda sauro ya yi yawa. Binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu ke jihar Jigawa, ya duba wannan alaƙa a ƙauyukan Hausawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Gwajin jini kafin aure, wanda ke raba AA da AS da SS, har yau yana amfani da dabarar lantarki irin ta 1949.

Fafutuka da suka

A 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke ta hana gwajin makaman nukiliya, wadda masana fiye da 11,000 suka sa wa hannu. Amma a 1968 ya ba da shawarar a yi wa masu ɗauke da sikila alama a goshi don kada su auri juna, ra'ayin da ya sha suka saboda ƙyamar da zai jawo musu. Iƙirarinsa cewa bitamin C mai yawa na maganin kansa ma bai tabbata ba a gwajin asibitin Mayo na 1979 da 1985.

Mutuwa

Ya mutu a gidan gonarsa da ke Big Sur, Kalifoniya, sakamakon kansar prostate, yana da shekara 93.