Eskilus, Marubucin Da Ya Kai Ramuwar Gayya Gaban Shari'a

An haifi Eskilus a garin Elusis, kusa da birnin Atina ta ƙasar Girka, wajen shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa. Yana cikin mayaƙan da suka tare rundunar Farisa a Maraton cikin 490, inda aka kashe ɗan'uwansa. Ashe kuwa ya san jini tun kafin ya rubuta labarinsa.

Mutanen Atina sukan yi gasar wasan kwaikwayo kowace shekara, shi kuwa ya fara cin ta cikin 484. Ya rubuta wasanni wajen 70 ko fiye, amma bakwai kaɗai suka iso gare mu. Mafi girma a cikinsu su ne guda uku a jere da a ke kira Orestiya, waɗanda ya nuna cikin 458.

Ga yadda labarin ya ke. Sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa hadaya don jiragen yaƙinsa su sami iska. Da ya komo bayan shekara goma, sai matarsa Kilitemnestira ta kashe shi. Ɗansu Orestis ya girma, ya kashe uwar don ya rama wa uban, aljanun ramuwa kuma suka bi shi suna neman jininsa. To, nan ne Eskilus ya nuna zurfin hankalinsa. Ya sa Atena, abar bautar birnin, ta kafa kotu, 'yan gari suka saurari kowane sashe, suka jefa ƙuri'a. Ƙuri'a ta zo daidai wa daida, aka sallami Orestis.

Eskilus ya rasu a Gela ta tsibirin Sisili cikin 456. Rubutun kabarinsa ya ambaci Maraton, bai ambaci wasa ko ɗaya ba.

Har wa yau ana nuna Orestiya. Cikin 1981 Peter Hall ya shirya ta a London bisa al'adar dā, watau maza zalla, kowa da fuskar aro. A ganinmu wuyar aikin tana wajen shari'ar nan. Hujjar da aka kare Orestis da ita, ita ce wai uwa ajiya kurum ta ke ɗauka, uba ne mahaifi, don haka jinin uwa bai kai na uba ba. 'Yan kallon zamanin nan ba su yarda da wannan, balle mata. Dole mai shirya wasan ya zaɓa, ko ya bar hujjar yadda ta ke, ko ya nuna cewa kotun ta tsai da zub da jini amma ba ta biya wa Kilitemnestira hakkin 'yarta ba.