Abu Ubaida, Gwamnan Sham, da Annobar Amwas

Sunansa na yanka Amiru ɗan Abdullahi ɗan Jarrah, Allah ya yarda da shi. Baƙuraishe ne, ya musulunta tun da wuri a hannun Sayyadina Abubakar, yana kuma cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira shi amintaccen wannan al'umma. Ran Uhudu shi ne ya sa haƙori ya zare zobba biyu na kwalkwali da suka nutse a kuncin Annabi, har haƙoransa biyu na gaba suka faɗi.

A shekara ta 13 bayan Hijira Sayyadina Umar ya ɗora shi bisa rundunonin Sham. Can ne babbar jarrabawarsa ta same shi, sa'ad da annoba ta ɓulla a Amwas, wani gari na Falasɗinu, ta bazu cikin ƙasar. Halifa ya taso daga Madina, Abu Ubaida ya tarye shi a Sargu da labarin. Umar ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishu, ya yanke a koma. Abu Ubaida bai ɓoye ra'ayinsa ba, a ganinsa wannan gudun ƙaddara ne. Umar kuwa ya nuna masa komawar ma ƙaddara ce. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba, ya kuma hana fita daga cikinta. Wanda ya tuna gardamar da aka sha a Jihar Katsina cikin 2020, da gwamnati ta dakatar da sallar Juma'a saboda korona, ko a birni yake ko a Wagini, zai ga ashe tsohuwar gardama ce, kuma manyan Sahabbai sun yi ta ba da ɓacin rai ba.

Daga baya Umar ya rubuto yana kiransa Madina. Ya gane so ake a tsame shi shi kaɗai, sai ya nemi afuwa, ya ƙi barin jama'arsa. Amma da umarni ya zo a tashe su daga kwari mai dausayi zuwa tudu, bai yi musu ba, ya nufi Jabiya da su. Cutar ta riga ta kama shi. Ya rasu a shekara ta 18, watau 639 Miladiyya, yana da shekara 58.

Mu'azu ɗan Jabal ya gaje shi, shi ma annobar ta ɗauke shi. Amru ɗan Asi ne ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, bayan haka Allah ya yaye ta.