Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sarkin da ya rubuta littafi kan basir

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, aka yi masa mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi a 1817. A hannunsa Ibrahim Dabo ya karɓi sarautar Kano a 1819. Ya rasu a Wurno a 1837, kuma can kabarinsa yake.

Tarihi ya fi tuna shi da yaƙi da mulki, amma Bello masanin magani ne. Ya yi littafi kan cututtukan ido, ya yi wani kan filasko da yadda ake sassauta ciki da shi, ya kuma ware guda sukutum, Alƙaulul Mansur, ga ciwon basir. Da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita. Bai ɗauki sanin da ke hannunsa a matsayin iyaka ba.

Darajar wannan aiki ita ce maganin da aka rubuta ana iya bincikarsa ko bayan ƙarnoni. Ƙasar Sin ta tabbatar da haka. Kimanin shekaru 1,800 da suka wuce, likita Zhang Zhongjing ya rubuta wani haɗi na tsirrai huɗu don gudawa da ciwon ciki, ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan magaryar da ke gonakinmu ne. A 2010 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka bayyana cewa haɗin ya taimaka wa hanjin ɓeraye ya farfaɗo daga ɓarnar irinotecan, maganin sankarar babban hanji, ya kuma ƙara masa ƙarfi a kan ƙari. Shi kansa irinotecan daga sinadarin wata bishiyar Sin aka samo shi. Duk da haka, tallafi ne ga maganin asibiti, ba madadinsa ba, kuma nasara a jikin ɓera ba ta nufin waraka ga mutum.

A wajenmu kuwa, rubuce-rubucen Bello sun fi zama abin nazarin masana tarihi fiye da masana magunguna. Fagen ya koma hannun masu lasifika a kan mota, waɗanda ke tallar maganin basir daga kasuwannin birnin Kano har ƙauyukan Rimin Gado, ba tare da bayyana abin da ke cikin gorar ba. Haɗarin a fili yake: jini a bayan gida, rama da sauyin yanayin bahaya alamu ne da sankarar hanji ke iya fakewa da su. Manomin da ya shafe shekara yana shan jiƙo da sunan basir kan isa asibiti bayan cutar ta bazu, alhali duban hanji da na'ura da wuri na iya ceton ransa.

Bello ya sa sunansa a kan abin da ya rubuta, ya bar shi ga mai son tantancewa. Tambayar da ta rage ga hukumomin lafiya da jami'o'in Arewa ita ce yaushe za su nemi haka daga duk mai sayar wa talaka magani.