Abdou Moumouni Dioffo: ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Duk wanda ya yi karatu a babbar jami'ar Yamai yana ɗauke da sunan Abdou Moumouni a takardar shaidarsa, amma ba kowa ne zai iya faɗa maka ko wane ne shi ba. Malamin kimiyyar fiziks ne, kuma a Tasawa aka haife shi, ranar 26 ga watan Yunin 1929.

Bayan firamare a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai birnin Paris. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsauri ta zama babban malamin fiziks a Faransa, wadda kafin shi babu wani ɗan ƙasashen Afirka baƙar fata renon Faransa da ya taɓa ci. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar FEANF mai fafutukar neman 'yanci. Da Gini ta ƙi tayin Janar de Gaulle a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, sai ya bar aikinsa na koyarwa a Dakar ya tafi Konakiri ya kama alli.

A farkon shekarun 1960 ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin hasken rana. Abin da ya ba rayuwarsa ke nan, kuma tushensa bai wuce lissafin da ɗaliban sakandare ke kokawa da shi ba. Da tsakar rana, in babu hadari ko hazo, kowace murabba'in mita tana samun kusan wat 1,000 daga rana. Lita ɗaya ta ruwa kuwa tana buƙatar kusan jul 4,200 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ke nan a ɗaga ta daga digiri 30 zuwa 100 sai an kashe jul 294,000, abin da murabba'in mita guda za ta tara cikin kusan minti biyar. A takarda ke nan. A tsakar gida iska na kwasar wani zafin, madubi na zubar da wani, tukunya ma na shan nata.

Wannan giɓi ne ya tsaya a kai. Hasken rana yana da ƙarfi kuma yana da alkibla, kamar kibiyoyin da malami ke zanawa a allo, kuma da kusurwar da ya faɗa kan madubi da ita yake tashi. In an lanƙwasa madubin daidai, sai kibiyoyin su haɗu wuri guda, nan ne wurin ɗora tukunya. Digirinsa na dakta a 1967 kan yadda makamashi ke rarrabuwa a wannan mahaɗa ya yi shi.

Ya shugabanci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako daga 1964, sannan ya dawo gida a 1969 ya riƙe hukumar ONERSOL har 1985. A can aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da murhu masu aiki da rana. A ƙasar da girki ke cin itace, hamada kuma na matsowa, wannan ba ƙaramin tunani ba ne, ko da yake har yau itace da gawayi ne ke riƙe da yawancin madafanmu. A ganina laifin ba na lissafinsa ba ne.

Littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya soki makarantar da Turawan mulki suka bari, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu. An naɗa shi shugaban jami'ar Yamai a 1979. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991 yana da shekara 61, a shekarar da ta biyo baya aka sa wa jami'ar sunansa.