Yustinus Shahidi: malamin falsafar da ya kare haihuwar Almasihu daga budurwa har aka sare kansa

Duk ƙarshen watan Disamba, a majami'un Maradi, Damagaram da Yamai, kamar sauran majami'un duniya, Kiristoci kan karanta wata aya daga littafin Annabi Ishaya da suka yi imani ta yi bushara da haihuwar Yesu Almasihu daga budurwa, fiye da shekara 700 kafin aukuwarta. Mutum na farko da tarihi ya adana doguwar muhawararsa a rubuce kan wannan aya shi ne Yustinus, wanda masu Faransanci da Ingilishi ke kira Justin. Ya rayu a ƙarni na biyu na miladiyya, ya yi yawon neman ilimi gari-gari, daga ƙarshe hukumar Daular Rum ta kashe shi saboda ya ƙi barin abin da ya gaskata.

Ɗan Nablus mai ƙishirwar sani

An haifi Yustinus wajejen shekara ta 100 a garin Flavia Neapolis, wanda shi ne Nablus na yau a Yammacin Kogin Jodan, cikin ƙasar Falasɗinu. Sunan mahaifinsa Priskus, kakansa kuma Bakiyus. Gidansu ba Yahudawa ba ne, masu bin allolin Girka da Rum ne, kuma da harshen Girkanci ya tashi.

Tun yana saurayi tambaya guda ta hana shi sakat: ta yaya ɗan Adam zai san Allah? Ya fara zama gaban wani malamin mazhabar Sitoyik, sai ya tarar malamin bai damu da wannan tambaya ba. Ya koma wajen wani mabiyin Aristo, kwana kaɗan malamin ya soma zancen kuɗin karatu, Yustinus ya tattara ya bar shi. Na uku, mabiyin Fisagoras, ya ce sai ya fara ƙwarewa a kiɗa, ilimin taurari da lissafin awo kafin su shiga zancen rai. A wajen mabiyan Aflatun ne ya ɗan sami natsuwa, har ya zaci ya kusa kaiwa.

Ya ba da labarin cewa wata rana ya keɓe kusa da bakin teku don tunani, sai ya haɗu da wani dattijo da bai sani ba. Dattijon ya yi masa tambayoyin da suka rusa dogaronsa ga Aflatun, sannan ya nuna masa littattafan annabawan Bani Isra'ila, yana mai cewa sun girmi malaman falsafa, kuma abubuwan da suka faɗa tun da daɗewa sun tabbata. Bai sake ganin dattijon ba. Akwai kuma abin da ya riga ya taɓa zuciyarsa: yadda yake ganin Kiristoci na fuskantar kisa ba tare da razana ba, ya ga da wuya a ce mutanen da ake zargi da lalata da son jin daɗi su rungumi mutuwa haka. Ya shiga Kiristanci wajejen shekara ta 130, amma bai tuɓe mayafin da malaman falsafa ke yafawa ba, domin a ganinsa yanzu ne ya sami falsafar gaskiya.

Kwana biyu na muhawara da Tirifo

Wannan mayafi ne ya jawo masa haɗuwa da wani Bayahude mai ilimi da ake kira Tirifo, wanda ya gudo daga yaƙin Bar Kokhba da aka gwabza tsakanin Yahudawa da Rumawa daga shekara ta 132 zuwa 135. Marubucin tarihi Yusebiyus ya ce a birnin Afisa, cikin Turkiyya ta yau, suka haɗu. Suka kwashe kwana biyu suna kai ruwa rana, kuma bayan fiye da shekara 20 Yustinus ya rubuta zantawar a littafi mai babi 142 da aka sani da Muhawara da Tirifo. Masana na da saɓani kan ko Tirifo mutum ne na zahiri ko Yustinus ya haɗa hujjojin Yahudawa da yawa ya sa su a bakin mutum ɗaya, sai dai sun yarda cewa hujjojin su ne ainihin waɗanda ake jefa wa Kiristoci a lokacin.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne littafin Ishaya, sura ta 7 aya ta 14. Asalin labarin ya faru wajejen shekara ta 734 kafin miladiyya. Sarki Rezin na Dimashƙu da Sarki Feka na Isra'ila sun haɗa kai za su far wa Urushalima, Sarki Ahaz na Yahuza ya firgita. Annabi Ishaya ya je masa da albishir cewa Ubangiji zai ba da alama: wata za ta ɗauki ciki ta haifi ɗa namiji da za a sa wa suna Immanuwel, wato Allah na tare da mu, kuma kafin yaron ya san fari da baƙi, ƙasashen sarakunan biyu za su zama kufai.

Kan kalma ɗaya rigimar take. A Ibrananci, kalmar da aka kira matar da ita ita ce alma, wadda ke nufin yarinyar da ta isa aure. Harshen na da wata kalmar, betula, da aka fi amfani da ita ga wadda ba ta san namiji ba. Amma lokacin da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka juya littattafansu zuwa Girkanci, ƙarni biyu zuwa uku kafin haihuwar Yesu, a fassarar da ake kira Sabtuwajinta, sun sa partenos, wadda galibi ke nufin budurwa. Wannan fassara ce Linjilar Matiyu ta ɗauko a sura ta farko don nuna cewa annabcin ya cika ga Maryamu.

Tirifo ya ce fassarar ba daidai ba ce. A wajensa ayar na magana ne kan matashiya kawai, kuma yaron shi ne Hezekiya ɗan Ahaz, wanda ya gaji sarauta. Ya ƙara da wata suka mai ciwo, cewa ya kamata Kiristoci su ji kunya domin labarinsu ya yi kama da tatsuniyar Girkawa ta Fersiyus, wanda aka ce Ziyus ya sauko wa uwarsa Danaye a siffar ruwan zinariya ta haife shi.

Yustinus ya amsa da cewa annabin alama ya yi alkawari, kuma mace ta yi aure ta haihu abu ne da ke faruwa kullum a kowane gida, ba zai zama alama ga kowa ba. Sai abin da ya saɓa wa al'ada ne zai cancanci wannan suna. Ya kuma tunatar da Tirifo cewa waɗanda suka zaɓi kalmar budurwa malaman Yahudawa ne, tun babu Kirista ko ɗaya a duniya. Game da Fersiyus kuwa, ya ce shaiɗanu ne suka ji annabce-annabcen suka ƙirƙiri kwaikwayonsu don su rikita mutane.

Sauran hujjojin

Tirifo bai tsaya nan ba. Ya ce dole Iliya ya fara dawowa ya shafe Almasihu da mai, kuma Attaura ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne, to yaya wanda aka gicciye zai zama mai ceton da ake jira? Yustinus ya raba annabce-annabcen gida biyu. Ya ce akwai zuwa na farko cikin ƙasƙanci da wahala, ya kafa hujja da Zabura ta 22 da Ishaya sura ta 53, sannan akwai zuwa na biyu cikin ɗaukaka da ake jira. Ya kawo littafin Mika da ya ambaci Baitalami a matsayin garin da shugaba zai fito.

A cikin wannan littafi ne aka fara samun rubutaccen zancen cewa a wani kogo kusa da Baitalami aka haifi Yesu, wurin da daga baya aka gina Majami'ar Haihuwa da ke tsaye har yau. Shi ne kuma na farko da aka sani ya kwatanta Hauwa'u da Maryamu: ta farko ta saurari maciji aka sami saɓo da mutuwa, ta biyu ta saurari Mala'ika Jibrilu ta karɓa da bangaskiya. Bai ɓoye ba cewa a zamaninsa akwai masu yarda Yesu ne Almasihu amma suna ganin uwa da uba suka haife shi kamar kowa. Ya ambace su, ya ce bai yarda da su ba.

Ba duk hujjojinsa suka tsaya ba. Ya zargi malaman Yahudawa da goge wasu ayoyi daga littattafansu don ɓoye gaskiya, zargin da masana na yau ba su karɓa ba. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka gano a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wanda ya girmi zamanin Yesu, na ɗauke da kalmar alma kamar yadda Tirifo ya karanta. Ita ma fassarar Tirifo ta gamu da cikas: Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya nuna da lissafin shekarun sarauta cewa an riga an haifi Hezekiya kafin annabcin.

Abin lura shi ne yadda littafin ya ƙare. Yustinus ne mai alƙalami, yana iya rubuta cewa abokin gardamarsa ya miƙa wuya, amma bai yi ba. Tirifo ya tashi da addininsa, ya ce ya ƙaru da zaman, ya yi wa Yustinus fatan sauka lafiya a tafiyar jirgin ruwa da ke gabansa, shi kuma ya yi masa addu'a. Suka rabu ba zagi ba duka.

Wasiƙa zuwa ga sarki

A birnin Roma Yustinus ya buɗe makaranta a ɗakin da yake zaune a saman wani gidan wanka, ƙofa a buɗe ga duk mai son zuwa. Cikin almajiransa akwai Tatiyan, wanda daga baya ya haɗa Linjila huɗu cikin littafi ɗaya. A lokacin, amsa sunan Kirista kaɗai ya isa a yanke wa mutum hukuncin kisa idan aka kai ƙararsa. Ana zarginsu da rashin addini saboda sun ƙi yin hadaya ga allolin daula, ana kuma yaɗa jita-jitar cewa suna cin naman mutane a taronsu.

Wajejen shekara ta 155 ya rubuta wa Sarki Antoninus Piyus da ƴaƴansa da majalisar dattawan Rum takardar kariya, da sunansa da na mahaifinsa da garinsu a kai. Buƙatarsa ita ce a hukunta mutum kan laifin da ya aikata, a daina hukunta shi kan suna. Kusan kashi ɗaya bisa uku na takardar ya tafi ne kan annabce-annabcen da ya ce sun cika, domin a ganinsa wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi: kowa na iya cewa mu'ujiza sihiri ce, amma rubutun da ya riga aukuwar abu da ɗaruruwan shekaru yana nan a hannun Yahudawa, kowa na iya dubawa.

Don kashe jita-jita, ya bayyana abin da ake yi ranar Lahadi filla-filla: karatun rubuce-rubucen manzanni da annabawa, wa'azi, addu'a, rabon gurasa da ruwan inabi, da tara taimako ga marayu, gwauraye mata, marasa lafiya, ƴan kurkuku da baƙi. Wannan na cikin bayanai mafi daɗewa da ake da su kan ibadar Kirista. Ya kuma koyar da cewa Allah ya shuka irin gaskiya a cikin hankalin kowane ɗan Adam, don haka mutane irin su Sokratis sun sami rabo daga gare ta tun kafin zuwan Almasihu.

Shari'a da hukunci

Ya yi gardama a bainar jama'a da wani malamin falsafa mai suna Kiresens, ya kuma rubuta cewa yana sa ran wata rana irin waɗannan za su ƙulla masa sharri. Wajejen shekara ta 165, zamanin Sarki Markus Aureliyus, aka kama shi tare da mutum shida, cikinsu da mace ɗaya mai suna Karito da wani bawan gidan sarki mai suna Yuwelfistus. Aka gurfanar da su gaban Yuniyus Rustikus, shugaban birnin Roma, wanda shi ma malamin falsafa ne, shi ya koyar da sarkin.

Bayanin shari'ar ya tsira har yau. Rustikus ya tambaye shi koyarwar da yake bi da inda suke taruwa, Yustinus ya faɗi masaukinsa, a amsarsa kuma ya sake komawa ga annabawan da suka yi bushara da Almasihu. Alƙalin ya tambaye shi ko yana zaton zai hau sama idan aka kashe shi, ya amsa cewa abin a wajensa ya wuce zato, tabbaci ne. Aka umarce su su yi hadaya ga alloli, su bakwai suka ƙi. Aka yi musu bulala, aka sare kawunansu. Daga nan ya sami laƙabin Shahidi, kuma majami'un Katolika da Otodoks na tunawa da shi ranar 1 ga watan Yuni.

Abin da ya bari

Yawancin littattafansa sun ɓace. Uku da suka rage sun iso mana ne ta hanyar kwafi guda da aka rubuta da hannu a 1364, wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Paris.

Gardamar kalmar alma ba ta mutu ba. A 1952 wata sabuwar fassarar Ingilishi a Amurka ta sa matashiya maimakon budurwa a ayar Ishaya, abin ya tada ƙura har wani fasto a jihar North Carolina ya ƙona shafin a gaban jama'a. Yahudawa har gobe suna karanta ayar a matsayin saƙo ga Ahaz da mutanen zamaninsa. Kiristoci da dama na cewa ta cika sau biyu, da farko a zamanin Ahaz, sannan cikar ƙarshe ga Yesu.

Musulmi ma sun yi imani cewa Nana Maryam ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya taɓa ta ba, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam da Ali Imrana, ko da yake sun saɓa da Kiristoci kan allantaka da gicciye. Ke nan mabiya addinai biyu mafi yawan jama'a a duniya sun haɗu kan batun da Yustinus ya kare, sun rabu kan ma'anarsa, Yahudawa kuma na nan kan matsayin Tirifo.