Florence Nightingale: Matar da Ta Buɗe wa Marasa Lafiya Taga

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8

A karatunmu na yau Ubangiji ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye bakin rufinsa da gajeren bango, don kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan maigidan. Ashe Allah yana duba yadda muke gini.

Ku dubi rayuwar Florence Nightingale. An haife ta a 1820, 'yar masu arziki ce daga Ingila. A 1837 ta ji kiran Allah zuwa hidima, ta zaɓi jinyar marasa lafiya, ko da yake iyayenta ba su so ba.

A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta jagoranci mata 38 masu jinya zuwa asibitin sojoji a Scutari, ƙasar Turkiyya. Tsohon bariki ne, ƙazanta ta toshe magudanan da ke ƙarƙashinsa, iska ba ta shiga sosai, ga cunkoso. Kwalara, zazzaɓin taifot da atini suka kashe sojoji fiye da raunukan yaƙi. A 1855 aka share magudanan, aka buɗe wa iska hanya, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Da ta koma gida, sai ta dage a sāke fasalin asibitoci: dogayen ɗakuna a ware da juna, tagogi suna fuskantar juna, rufi mai tsawo, da tazara tsakanin gadaje. Bisa wannan tsari aka gina sabon asibitin St Thomas a Landan, aka buɗe shi a 1871. Ta yi shekaru da yawa tana fama da ciwo, amma daga ɗakinta take duba zanen gine-gine tana ba da shawara. Ta rasu a 1910.

'Yan'uwa, wani a cikinku magini ne, wani yana da gidan haya, wata tana kwamitin ginin majami'a. Kafin ku ƙawata ƙofar shiga, ku tambayi kanku: Akwai isassun tagogi? Ban-ɗaki fa? Tsohuwa da mai keken guragu za su iya shiga? In kun rage siminti don riba, ran wa kuka sa a haɗari? Ƙaunar maƙwabci tana farawa tun daga harsashi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu tsoronka cikin aikin hannuwanmu. Bari duk abin da muka gina ya zama mafaka ga mutanenka, cikin sunan Yesu. Amin.